Fatawa: Mahaifiyata Tana Son Barin Maganin Asibiti Saboda Homiyofati

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni manomi ne, ina kuma koyarwa a firamare a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Mahaifiyata ta fi shekara shida tana fama da hawan jini, duk wata muna karɓo mata magani a asibiti. Bayan girbin bana sai wani mutum ya kama ɗaki kusa da tasha, yana zuwa duk ranar kasuwa, ya ce a Indiya ya karanto wani fannin magani wai shi homiyofati. Na kai ta. Wallahi Malam ya fi awa guda yana yi mata tambayoyi: yadda take barci, irin mafarkinta, ko ta fi son ruwan randa ko mai ɗumi, abin da ke sa ta kuka. Sannan ya ba ta wasu fararen ƙwayoyi kamar tsabar gero a 'yar kwalba, an rubuta 30C a jiki. Tun daga nan ta ce jikinta ya yi sakayau, tana barci, har ta ce ita ta gama da maganin asibiti. Ƙanena mai aikin lafiya ya ce sukari ne kawai. Limaminmu ya ce ya ji ana haɗa shi da giya, don haka haram ne. Wani ma cewa ya yi tsibbun Turawa ne. Mene ne hukuncinsa? In ta dage, in bi ta ko in saɓa mata?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya yi maka albarka.

Zan fara da abin da ba ya jira: kada Hajiya ta bar maganin asibiti. In ma ta riga ta bari, ku kai ta a auna jininta cikin makon nan, ku gaya wa likita gaskiyar kwanakin da ta yi ba ta sha ba. Sauran bayanin ya biyo baya.

Malamanmu suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, don haka ban yarda na amsa maka da ka ba. Na karanta abin da ya sauƙaƙa, na zauna da wani ɗalibina mai haɗa magunguna, na kuma sa an kawo min irin wannan kwalba. Na zazzage ƙwayoyin a tafin hannu, na ɗora ɗaya a harshe, ta narke, zaƙi ne zalla babu ɗaci babu bauri.

Wani likita Bajamushe ne, Samuel Hahnemann, wanda aka haifa a 1755 ya rasu a 1843, ya ƙirƙiro wannan hanya, ya fara bayyana ta a rubuce a 1796. Ya sha ɓawon itacen da ake samun kwinin daga jikinsa alhali yana lafiya, sai ya ji alamomi masu kama da na zazzaɓin cizon sauro. Daga nan ya kafa ƙa'idarsa, cewa abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama, shi ne zai warkar da ita ga maras lafiya. Shi ya sa suke ba mai mura maganin da aka yi daga albasa tunda tana sa hawaye da yoyon hanci, mai rashin barci kuma su ba shi na gahawa. In za a yi masa adalci, likitocin zamaninsa suna tsiyaye jinin majinyaci har ya galabaita, suna ɗura masa sinadarai masu guba. Wanda aka bari da ruwa da sukari a wancan lokaci sau da yawa ya fi wanda aka yi wa magani tsira, kuma wannan na cikin abin da ya sa hanyar ta yi suna.

Ƙa'idarsa ta biyu ita ce inda gizo ke saƙar. Suna ɗaukar ɗigo ɗaya na asalin maganin su zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, su jijjiga da ƙarfi. Wannan shi ne 1C. Su ɗebi ɗigo ɗaya daga nan su sake zubawa cikin wani 99, ya zama 2C. Lambar 30C da ka gani tana nufin an maimaita haka sau 30. Ka ƙaddara ka ɗiga ɗigo ɗaya na zuma a madatsar ruwa ta Tiga tana cike, ka gauraye ta duka. Wannan tsarmin wajen mataki na 8 ne kawai, saura kusan 22. Masana lissafin sinadarai sun tabbatar cewa daga wajen mataki na 12 da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta asalin maganin a cikin kwalbar. Wannan ruwan ake ɗigawa a kan ƙwayoyin sukari ya bushe. Masu hanyar ba su musanta wannan lissafi ba. Abin da suke cewa shi ne ruwan yana riƙe da tasirin abin da ya taɓa shigarsa, kuma wai ƙara tsarmi ƙara ƙarfi ne. A 1988 wani masani Bafaranshe, Jacques Benveniste, ya ce ya gano hakan a ɗakin gwaji, amma da aka maimaita gwajin ƙarƙashin sa ido abin bai tabbata ba. Saboda haka ƙanenka bai yi ƙarya ba.

To amma rashin fahimtar yadda abu ke aiki ba hujja ba ce a kan cewa ba ya aiki. Kai manomi ne. In aka kawo maka sabon taki, ba ruwanka da sanin abin da ke cikin buhun. Za ka raba gona biyu, iri ɗaya, ruwan sama ɗaya, ka sa wa ɓangare guda ka bar ɗayan, ranar girbi ka ƙirga dammuna. Haka ake gwada magani: a ba wasu majinyata shi, a ba wasu ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a ciki, ba tare da kowa ya san wanne ya samu ba. An yi wa homiyofati wannan gwaji sau da yawa. A 2010 kwamitin kimiyya na majalisar dokokin Birtaniya ya ce bai fi ƙwayar da babu komai a cikinta ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta duba nazarce-nazarce 176 a kan cututtuka 61, ta ce babu cuta ko ɗaya da aka samu ingantacciyar shaida cewa yana warkarwa. Faransa, inda ake shansa sosai, ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya tun farkon 2021. Tun 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a dogara da shi a tarin fuka, da zazzaɓin cizon sauro, da cuta mai karya garkuwar jiki, da gudawar jarirai. Gaskiya ne a Indiya da Fakistan akwai makarantunsa, gwamnatin Indiya ma ta sa shi ƙarƙashin wata ma'aikata, don haka mai yiwuwa mutumin nan da gaske ya yi karatun. Sai dai yawan masu bin hanya daban, tabbatar amfaninta daban.

Shari'a ta umarce mu da neman magani. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da waraka, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. A riwayar Muslim daga Jabir ya ce kowace cuta tana da magani, idan aka dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah. Lura da sharaɗin nan, idan aka dace. Ashe akwai dacewa akwai kuskure, ba duk abin da aka kira magani ne magani ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya ji rauni, aka kira mutum biyu daga Banu Anmar, sai Annabi (SAW) ya tambaye su wanne ya fi sanin magani a cikinsu. Daga irin waɗannan nassoshi malamai suka fitar da cewa ana sanin abu sababin waraka ne ta ɗayan hanya biyu: ko wahayi ya faɗa, kamar zuma da habbatus sauda da ƙaho da ruƙiyya, ko jarrabawa bayyananna ta tabbatar. Homiyofati ba shi da nassi, a jarrabawa kuma bai ci ba. Kuma jarrabawa a nan aikin masu fannin ne. Lokacin da dabinon Madina ya ƙi yin kyau saboda an bar aurar da shi, aikin da mutanen Dutse suka sani sarai, Annabi (SAW) cewa ya yi ku ne kuka fi sanin al'amarin duniyarku.

Za ka ce to sauƙin da Hajiya ta samu fa? Ban ƙaryata ta ba, na yarda ta ji sauƙi. Tsohuwa ce da ta saba ta yi sammako, ta bi layi tun hantsi har azahar, likita ya gan ta minti uku kansa a sunkuye yana rubutu saboda mutum ɗari na jiransa a waje. Rana ɗaya sai ga wanda ya zauna awa guda yana tambayarta abin da ke sa ta kuka. Wa zai fita daga wannan ɗaki bai ji nauyin ƙirjinsa ya ragu ba? Wannan alheri ne na gaske, kuma ina kira ga likitocinmu da mu kanmu masu jinya a gida mu ji kunyar cewa sai a ɗakin haya kusa da tasha iyayenmu ke samun mai sauraronsu. Amma natsuwar zuciya da barci mai daɗi ba su ne saukar jini ba. Hawan jini cuta ce mai kwanton ɓauna, mutum yana jin garau alhali tana cin jijiyoyinsa da ƙodarsa. Akwai abokin karatuna tun muna zaure, ya bar maganinsa saboda wani jiƙo da aka ce masa ya raba shi da cutar. Wata biyu yana yabon abin. Ranar da na je duba shi yana kwance a tabarma, bakinsa ya karkace, yana ƙoƙarin amsa sallamata harshen ya ƙi, hawaye na bin gefen fuskarsa. Ba homiyofati ya sha ba, amma ƙofar da ya shiga ita ce Hajiya take tsaye a bakinta.

Maganar liman tana da asali. Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaid ya tambayi Annabi (SAW) game da yin magani da giya, ya ce masa ita ba magani ba ce, cuta ce. Sai dai akwai rarrabewa. Ƙwayoyin sukarin nan, ɗan abin da aka ɗiga musu ya bushe, ba ɗanɗano ba wari ba maye ko da an shanye kwalbar, don haka ban ga haramcinsu ta wannan fuska ba. Na ruwa kuwa, wanda ake ɗigawa a kofi, da yawansa barasar da ke ciki ba kaɗan ba ce. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 2002 ta yi rangwame a kan magani mai ɗan kason barasa da ya narke a ciki, da sharaɗin babu madadinsa kuma amintaccen likita ne ya rubuta. Abin da amfaninsa bai tabbata ba, ba ya shiga wannan rangwame, don haka a nisanci na ruwan. A kuma kula da kwalaben da ba a tsarma sosai ba, domin wasu daga cikin abubuwan da suke farawa da su guba ne.

Wanda ya ce tsibbu ne ya wuce gona da iri. Babu kiran aljani a ciki, babu surkulle, babu yanka. Kuskure ne a ilimin likitanci, kuma ba a jifan Musulmi da shirka saboda kuskuren likitanci matuƙar ya ƙudurce cewa Allah ne mai warkarwa.

Hukuncin da na rinjayar shi ne wannan. Haɗiyar ƙwayar a karan kanta ba haram ba ce, amma sa kuɗi a cikinta bayan an san haƙiƙaninta makaruhi ne, domin yana kusa da tozarta dukiya, musamman ga gidan da buhun gero ake sayarwa a biya. Barin tabbataccen magani dominta a cutar da ke iya kisa ko nakasa haram ne, saboda faɗar Allah a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku zuwa halaka, da hadisin babu cuta babu cutarwa. Haramcin ya fi tsanani idan yaro ne ko wanda ke ƙarƙashin kulawarka, kamar a tsaya ba yaro mai zazzaɓi wannan ƙwaya da damina har ya fara jijjiga.

Shi kuma mai ɗakin, ban ce maƙaryaci ba ne, wataƙila ya gaskata abin da aka koya masa. Amma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke lamuni. Daga sharuɗɗan ciniki a mazhabarmu akwai kasancewar abin sayarwa mai amfani. Idan ya ce wa mutane yana warkar da hawan jini ko ciwon sukari ko sikila, ko ya ce su ajiye maganin asibiti, ya shiga ha'inci, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da likitanci ba, to shi mai lamuni ne, wato abin da ya lalace a hannunsa yana wuyansa. Ka je ka same shi cikin mutunci, ka tambaye shi ƙarara ko shi ya ce ta bar maganinta. In ya ce a'a, ka roƙe shi ya faɗa mata da bakinsa ta ci gaba da sha, domin yanzu maganarsa take ji. In ya ce e, ka sanar da dagaci da jami'in lafiya na yankinku, wannan nasiha ce ga jama'a ba gulma ba.

Batun saɓa wa Hajiya kuwa, biyayya ga iyaye tana cikin abin da yake ma'arufi, ba ta kai ga ka taimaka mata a kan abin da zai cutar da ita ba. Amma kada ka ce mata an yaudare ta, kada ka ƙwace kwalbar, kada ku taru kai da ƙanenka ku yi mata ca. In ta ce sai ta ci gaba da 'yan ƙwayoyinta, ƙyale ta muddin tana shan na asibiti a kan lokaci kuma likita ya sani. Ƙanenka ya riƙa auna ta a gabanta duk mako yana rubutawa a littafi, ta ga lambar da idonta. Kai kuma bayan sallar isha'i ka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ka yi mata irin tambayoyin da baƙon nan ya yi mata, ka bar ta ta yi magana har ta gaji.

In kuka ga bakinta ya karkace, ko harshenta ya yi nauyi, ko hannu ko ƙafa sun saki, ko ciwon kai mai tsanani ya taso mata farat ɗaya, ku nemi mota ku wuce babban asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, kada ku jira gari ya waye.

Wallahu a'alam.