Kufai ko kango? Amsa daga Takedda

Wani ɗalibi daga Damagaram ya rubuto: "Malam, a rediyo na ji an ce masu tonon kayan tarihi sun gano kangon wani tsohon gari. Kango ne ko kufai? Sannan mece ce ma'anar 'inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa'?"

Ɗana, mai labarin ya yi tuntuɓen harshe. Kango na gida ne: masu shi sun tashi, rufi ya rufta, amma bango na tsaye, ƙadangaru na shan hantsi a kai. Kufai kuwa wurin da gari ya taɓa zama ne, aka watse. Sau da yawa ko bango ba ka gani, sai tudun ƙasa, da tsingaro, da ramukan marina, da kukoki. Manomi ya san kufai tun kafin masani ya iso, don garmarsa ce ke fara tono tsingaron.

Ga misali a ƙasarku. A 1353 matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, ya sauka a wani gari mai suna Takedda. Ya ce ana narka jan ƙarfe a can, a yi shi sanda-sanda a yi ciniki da shi, masu kauri 400 a bakin miskalin zinariya, ana kuma kai shi Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana ke ɗauka Gobir ce. Daga baya gari ya ɓace, suna ya rage. Matsalar ita ce a yammacin Agadas akwai wurare fiye da ɗaya da Buzaye ke kira Tegidda, har da Tegidda-n-Tesemt mai gishiri. Masana suka yi ta ja-in-ja a takarda, kowa da tasa Takeddar.

Nan karin maganarka ta shigo. Ana yin ta ne ga masu cika baki a inda ba damar gwaji. Da akwai fili, sai a ce ku kama mu gani. A shekarun 1970 masana biyu Faransawa, Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, suka sauka filin, suka bincika Azelik, wani wuri kusa da Tegidda-n-Tesemt, suka tarar da kashin maƙera, da guntayen jan ƙarfe, da maƙabartu, da harsashin masallatai. Tun daga nan yawancin masana suka karkata ga cewa Azelik ce Takedda.

To Azelik kufai ne. Amma in ka tsaya kan ragowar masallaci guda ka ce kango, ba zan ja da kai ba.