Ga mai neman kabarin kakanta da ya rasu a Yaƙin Bama

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki gano inda aka binne kakanki, wanda aka ce ya ji rauni a Yaƙin Bama, ya cika bayan 'yan kwanaki. Allah ya jiƙansa. Na yi irin wannan nema a kan wan kakata, kuma na shafe kusan shekara guda ina duba wurin da ba nan yake ba.

Kuskurena shi ne na ɗauka inda harsashi ya same shi nan aka yi masa sutura. Labarin da muka tashi da shi a gida shi ne ya ji rauni a kwarin Kaladan a 1944, yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, saboda haka na tsaya a kan maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon, inda aka zana sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kaburburansu ba. Ashe sojan da bai cika nan take ba, janye shi ake yi daga bakin daga, sau da yawa a ƙaramin jirgin sama, zuwa asibitin soja, kuma idan rai ya yi halinsa, kusa da asibitin ake binne shi. Don haka ki duba maƙabartun Chittagong da Maynamati, a ƙasar Bangladash ta yau. Namu a Chittagong yake kwance.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe rainon Ingila, wato CWGC, ta sa rajistarta a intanet kyauta, kuma ta haɗa har da waɗanda suka rasu zuwa 31 ga Disamba, 1947. Kada ki dogara da suna kaɗai, domin akawun soja yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, kuma sukan maƙala wa mutum sunan garinsu a madadin na mahaifinsa. Lambar soja ita ce mabuɗi. Tamu a jikin wata tsohuwar takarda muka same ta, a naɗe cikin adakar kakata.

Ranar da na nuna mata hoton kabarin a waya, ta daɗe tana shafa gilashin da yatsa ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko an fuskantar da shi alƙibla. Ki fara da tsofaffin gidanku tun suna nan, ki tambaye su ko akwai wata takarda ko lambar girma da aka ajiye.