Tuntun da ke kan kwalkwali

Ɗana,

Saƙonka ya iso, mu ma nan Kawo lafiya lau muke. Ka ce kun je kallon Hawan Daushe a Zariya, ka ga mahaya da wata doguwar hula mai gashin tsuntsu a ƙoli, kana son sanin sunan gashin da asalinsa. Ka ce wani abokinka ya rantse maka daga Turawa aka kwaikwayo, wai hular Gwamna ce aka ara. Sannan kana tambaya ko za ka iya sa irinta ranar hawan angwancin yayanka. To, gyara zama.

Abin da ka kira hula sunansa kwalkwali, gashin da ke bisansa kuwa tuntu muke ce masa. Za ka ji wasu na cewa tukku, ban ce sun yi laifi ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma yadda muka ji a bakin manya, akwai bambanci. Tukku tsirowa yake yi. Shi ne ɗan gashin da wanzami kan bar wa yaro a tsakar ka in ya yi masa aski, shi ne kuma wanda gauraka ke yawo da shi a kansa. Tuntu kuwa hannun mutum ke haɗa shi: a tara zare ko siliki ko gashin tsuntsu, a ɗaure gindin tamau, a bar bakin a sake yana reto. Shi ya sa kalmar ba ta tsaya kan kwalkwali kaɗai ba. Baƙin zaren da ke lilo a bayan jar dara tuntu ne, haka wanda ke ƙarshen hamilar takobi, da waɗanda ake rataya wa doki cikin kayan ado. Akwai kuma zanko, na zakara, da na askin nan da ake barin gashi ya yi layi daga goshi zuwa ƙeya. Magina ma sun ari sunan, suna kiran ƙahonnin da ke kusurwar soro zankwaye. In ka koma Zariya ka ɗaga kai cikin birni, za ka gan su.

Maganar abokinka kuwa, ka gaya masa cikin girmamawa cewa ya ɗauko zancen daga tsakiya. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Bayansa Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya kawo kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Figinin nan shi ne babban mafici na gashin jimina da ka ga bayi suna kaɗa wa Sarki a gefen dokinsa. Turawa ba su karɓi Zariya ba sai 1902, Kano da Sakkwato kuma 1903. Ka yi lissafin da kanka. Gaskiya ne a zamanin mulkin Turawa Gwamna yakan sa farar hula mai gashi ja da fari a ranar biki, amma nasa gashin na wani farin tsuntsun ruwa ne na ƙasarsu, kuma da ya zo ya tarar da namu a kan mayaƙan da suka tare shi.

Kwalkwali kayan yaƙi ne, na 'yan lifida. Lifidi, wanda sunansa ya samo asali daga Larabci, riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke ta gida-gida, a sa wa mahayi, a kuma lulluɓe dokin har gwiwa, don kibiya mai dafi ta maƙale a ciki kafin ta taɓa fata. Su ne ake turawa gaba su fasa dagar abokan gaba. Aiki ne na mai zuciya, domin audugar rimi ba ta shiri da wuta, kuma wanda ya faɗo daga kan doki da wannan nauyi, da wuya ya sake hawa shi kaɗai. Kwalkwalin wani na ƙarfe ne, wani kuma tsumma ne aka dunƙule aka lulluɓe da ƙyalle, aka manna masa farin ƙarfe ko tagulla, da ɗan gurbi a ƙoli inda ake cusa gindin tuntun. Yanzu ka ƙiyasta filin daga: ƙura ta turnuƙe, dawaki ɗaruruwa, ba mai jin muryar wani. Abin da ya fi kowa tsawo shi ido ke kamawa. Da tuntu dakaru kan gane inda manyan barade suka nufa su bi su, da shi kuma mahayi kan ƙara tsawo da kwarjini a idon wanda ke tsaye a ƙasa da baka. Sai dai yadda naka ke ganinka haka maƙiyi ma ke ganinka. Wanda ya ɗora tuntu ya yarda ke nan a san inda yake, ba shi da wurin ɓuya. Wannan ne nake so ka riƙe fiye da komai a cikin saƙon nan.

Me ya sa sai jimina? Ka taɓa riƙe gashinta za ka gane. Gashin shaho ko na agwagwa zarurrukansa a sarƙe suke da juna, don su tare iska ko ruwa. Jimina ba ta tashi, nata zarurrukan a warware suke, kowane yana zaman kansa, iska kaɗan ta ishe shi rawa. Namijin baƙi ne wuluk, sai dogayen farare a fiffike da wutsiya, kuma su ne masu tsada. Ta macen launin ƙasa ne, ba a cika nemansa ba. A da har kiwon jimina ake yi a gidaje a Kano da Barno, ana figar gashin lokaci-lokaci.

Kuma ka sani, gashin nan daga wajenmu ya riƙa tafiya Turai. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma kan ɗauke shi tare da hauren giwa da jemammiyar fata daga Kano, ya ratsa Sahara zuwa Tarabulus, Larabawan Gadamas suna dillancinsa, daga can a kai Landan da Faris matan Turawa su ƙawata hulunansu. Har ta kai a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo mutane musamman, suka zo Kano suna neman irin jiminar yankin nan saboda kyan gashinta, suka koma a 1912 da fiye da 100. Ba a jima ba, a 1914, kasuwar ta rushe: yaƙin duniya ya ɓarke, ga kuma motoci marasa rufi da babbar hula ba ta zama a kai cikinsu. Ita dai jiminar ba ta farfaɗo ba. Farauta da fari da sarar daji sun kusa ƙarar da ita a yankinmu, yau sai a gidan namun daji, ko wajen Kelle a jihar Damagaram ta Nijar inda ake kiwonta don kada iri ya ɓace. Wannan abu yana ci mini rai, domin Fulanin Bororo ma da gashinta suke ado a ka ranar Gerewol.

Da bindiga mai ruwa ta Turawa ta zo, aikin lifidi ya ƙare a fagen fama, ya koma hawa. Garinmu Kaduna ya ga manya daga ciki: wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a filin sukuwa a 1956, wurin da yanzu ake kira Dandalin Murtala, da na samun mulkin kai na Jihar Arewa a 1959, sai na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, wanda dominsa aka gina otal ɗin Durbar. Na ƙarshen da idona na gani. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne wani dattijo da na tarar a masaukin dawaki da sassafe. Ya buɗe adudu, ya zaro tuntu daga cikin farin ƙyalle, yana bin gashin ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana duba ko asu ya taɓa, yana hura masa iska da baki har ya buɗe. Wani yaro ya miƙa hannu zai taɓa, ya riƙe masa hannu a hankali, ya ce na kakansa ne, kuma kakan ya shiga yaƙi da shi. Sai da ya yi bisimilla sannan ya cusa shi a gurbinsa.

Yau za ka ga an rina gashin kaza ko na talo-talo, wani ma zaren roba ne ja da kore. Ban ga laifin wanda bai samu na jimina ba, gara haka da a ƙarasa 'yan tsuntsayen da suka rage. Inda nake da magana shi ne kowa ya ɗauka ya ɗora. A fada kowane kaya da mai shi. Dogari da ja da korensa, ɗan sarki da irin naɗinsa, 'yan lifida da kwalkwalinsu a ƙarƙashin shugabansu, kuma galibi gado ne. UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, kuma abin da ya sa hawan ya kai nan shi ne wannan tsari da bai wargaje ba.

Saboda haka amsata a kan hawan angwanci ita ce kada ka sa. Gidanmu ba gidan lifidi ba ne, kuma in wani dattijon fada ya gan ka zai tambayi ɗan wane ne. Ka sa babbar riga da zanna, in kana son naɗi ka yi rawani marar kunne. Dokin kuwa ka yi masa ado yadda ranka ke so, a rataya masa tuntaye na zare har su yi yawa, ba mai ce maka don me. Akwai hamila mai jan tuntu a akwatina, ka biyo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka karɓa. Ka gai da mahaifiyarka.

Kawunka