Tambaya da Amsa: Sabon allo a tsohon jirgi

Tambaya: Malam, na ji ana cire tsofaffin agogunan ɗakin matuƙi a saka allunan kwamfuta a jiragen da suka haura shekara talatin. Wannan ba kwaskwarima ba ce kawai? Kuma me ya sa wasu matuƙa suka fi son tsofaffin jirage? — Wani mai karatu

Amsa: Malam, ba kwaskwarima ba ce, tilas ce ke jawo ta. Jiragen farkon shekarun 1980 irin su Boeing 757 da 767 sun zo da allo mai ƙaton ƙeya irin na tsohuwar talabijin. Yau an daina ƙera shi, in ya mutu samun madadinsa aiki ne. Ga kuma doka: daga 1 ga Janairun 2020 Amurka ta wajabta na'urar ADS-B, wadda ke sanar da masu kula da sararin sama inda jirgi yake, a akasarin sararin da jiragen fasinja ke bi. Ita kanta tsohuwar kwamfutar tsara hanya ƙwaƙwalwarta ta yi ƙanƙanta, ba ta iya ɗauke bayanan filaye da hanyoyin da ake da su yanzu. Shi ya sa kamfanin dakon kaya na UPS ya sabunta ɗakin matuƙin jiragensa ƙirar Airbus A300 da kayan kamfanin Honeywell. Kamfanin dakon kaya na FedEx ma ya taɓa sabunta ɗakin matuƙin jiragensa ƙirar DC-10 aka koma kiransu MD-10, aka rage ma'aikatan ɗakin daga uku zuwa biyu, kujerar injiniyan jirgi ta tashi.

In kana son ganin girman bambancin, dubi Boeing 747. Tsohon ƙirarsa yana da agoguna da maɓallai da fitilu 971. Da 747-400 ya fara aiki a 1989 suka koma 365. A da idon matuƙi ba ya hutawa, daga allurar gudu ya koma ta tsawo, ya leƙa ta alkibla, sannan ya haɗa lissafin a kansa. Yanzu ga taswira, ga hadari, ga tsaunuka, ga jiragen da ke kusa, duk a gabansa. Ni dai a dare mai hazo na fi son matuƙina ya kasance da wannan.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau: allo ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Tsufan jirgi a gangar jikinsa yake. Duk tashi ana cusa iska a ciki jikin ya ɗan kumbura, duk sauka ya sace, kuma haka ƙarfe ke gajiya a bakin ƙusoshi. A Afrilun 1988 rufin wani Boeing 737-200 na kamfanin Aloha Airlines ya yage a sama a Hawai bayan tashi da sauka kusan 90,000, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Tun daga nan aka tsananta binciken tsatsa da tsagewa a tsofaffin jirage. Wannan binciken shi ya fi damuna, fiye da kyan allo.

Batun soyayyar matuƙa kuwa, ba allurai suke kewa ba, hannu suke kewa. A tsohon 737 igiyoyin ƙarfe ne suka tashi daga sitiyari zuwa fukafukai da wutsiya, matuƙi yana jin nauyin jirgin a damtsensa. A Airbus A320, wanda ya fara aiki a 1988, ɗan sanda ne a gefe, kwamfuta ce ke karɓar umarni ta aiwatar. Shi kuma 757 ƙarfin injinsa ne ya sace zukatansu, ga hawa da sauri, ga tashi daga gajeren fili. An daina ƙera shi tun 2004 amma har gobe ana yabonsa. Kada ka ɗauka son zuciya ne zalla: a 2013 FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, da kanta ta shawarci kamfanoni su riƙa bai wa matuƙa damar tuƙi da hannu don kada ƙwarewar ta dushe.

Wani lokaci ma babu magaji. Kamfanin Nolinor da ke zirga-zirga a arewacin Kanada ya saka sababbin alluna a 737-200 ɗinsa, saboda shi ne ke iya sauka a filin tsakuwa, abin da sababbin 737 ba a yi su don shi ba.