Tambari kaɗai ba ya tsare hoto

Ɗana, tambayarka ta iso ni. Ka ce hoton amaryar da ka ɗauka a Yantala ka sa a Facebook, bayan sati biyu ka gan shi a shafin wani mai sayar da leshi da atamfa, ya yanke gefen da sunanka yake, ya rubuta farashinsa a kai. Kana son in gaya maka irin tambarin da ba ya gogewa.

Babu irin wannan tambari. Duk abin da ido ya gani a fuskar waya, ana iya kwafarsa. Abin da ke hannunka shi ne ka sa abin da ɓarawo zai samu ya zama ƙarami, ka kuma riƙe shaidar da shi ba zai taɓa samu ba. Tun ran gini ran zane: aikin daga cikin kyamara yake farawa, kafin ka danna.

Shiga saitin kyamara ka gyara kwanan wata da agogo. Da yawa cikin yaran shagon hoto kyamararsu na nuna shekarar da ta wuce tun tuni, kuma ranar da gardama ta tashi wannan kwanan ƙarya shi zai kayar da mutum. Canon da Nikon duk suna da wurin rubuta sunan mai hoto da na mai haƙƙi. Ka rubuta sau ɗaya, kowane hoto zai fito da shi a cikin bayanansa na ɓoye, waɗanda ake kira EXIF. Aikin da ka yi wa shago, sunan shago. Wanda ka yi da kanka ranar hutu, sunanka. Amma kada ka jingina da wannan rubutu, domin WhatsApp da Instagram suna kankare shi idan an tura hoto yadda aka saba. Amfaninsa yana jikin kwafin da ke wurinka.

Sai ka riƙa ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil yadda kyamara ta ɗauko shi ba a matse ba, ba JPEG kaɗai ba. Na san yana cin kati, hoto ɗaya kan kai mega 25, amma shi ne takardar haihuwar hoton. Fayil ɗin RAW, wato CR2 ko CR3 na Canon ko NEF na Nikon, ba ya barin hannunka, ko an biya, sai da yarjejeniya ta musamman da kuɗi na musamman. Kuma kada ka goge hotunan da ke gaba da bayansa. Wanda amarya ta rufe ido, wanda ƙanwarta ta gifta, wanda mayafi ya zame: ba za su sayu ba, amma mutumin da ya ce shi ya ɗauki hoton ba shi da su. Ga wata dabara mai sauƙi: wanda za ka saki, ka datse masa gefe kaɗan, kamar yatsa ɗaya ta kowane ɓangare. Mai cikakken hoto, da bangon ɗaki da ƙafar fitila a gefe, shi ne mai shi, kuma ko wanda bai san aikin ba zai gane haka da ido. Ka ajiye su wuri biyu, a kwamfuta da wani diski dabam da ba ya kwana a jone. Zafin Yamai na watan Afrilu da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ba sa barin diski ya tsufa.

Yanzu girman abin da za ka saki, kuma nan ne na fi son ka buɗe kunne. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba ka hoto mai fiksel 6000 a kan 4000, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto. Wannan shi ne jarinka. Idan ka ɗora shi yadda yake, ka raba jarin kyauta. Don a wanke hoton 10 a kan 15 santimita ya fito tsaf, ana buƙatar kusan fiksel 1200 a kan 1800. Saboda haka ka fitar da na intanet da dogon gefe 1080, ingancin JPEG tsakanin 70 da 80. A waya zai yi kyau sarai, amma wanda ya kai shi a wanke masa babba na rataye bango zai ga fuska ta dushe, zanen lalle ya caɓe. Wasu za su ce maka ka sa 72 dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci idan an wanke, ka huta. Wannan lambar ba ta hana komai. Yawan fiksel shi ne magana. Hoto 6000 a 72 dpi har yanzu hoto 6000 ne. Sai dai ka sani cewa masu buga tallan leda na bakin titi suna iya amfani da ƙaramin hoto, tunda daga nesa ake kallonsa. Rage girma yana rage asara, bai kawar da ita ba.

Tambarin kuwa, kuskurenka wurin da ka sa shi. Kusurwa ta ƙasa yankewa ɗaya take buƙata. Ka sa shi inda yanke shi zai ɓata hoton: a kan kafaɗa, ko ya ratsa zanen atamfa da aikin wuyan riga, kusa da fuska amma ba a kanta ba. Ƙarfinsa kashi 25 zuwa 35 cikin 100, fari a kan duhu. A kan sararin sama ko farin bango, manhajojin gogewa na yanzu suna share shi cikin daƙiƙa, ba alama. A kan zane mai yawan fure sai sun ƙirƙiro abin da ke ƙarƙashi, kuma galibi suna barin tabo da kai za ka iya nunawa. Ka haɗa suna da lambar waya, rubutu mai sauƙin karantawa. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom tana ajiye maka shi sau ɗaya ta riƙa mannawa, a waya kuma manhajar Snapseed ta isa.

Ba a Facebook kaɗai hoto ke zurarewa ba. Mai biki ya ce a turo masa ya zaɓa, ka tura masa ɗari biyu masu tsabta ta WhatsApp, shi ke nan ba zai dawo ba. Na zaɓi ƙanana ne, dogon gefe 800, tambari babba a tsakiya, da lambar kowane hoto a jiki don ya ce maka “ina son 14 da 37”. Bayan ya biya sai ka tura cikakku ta maɓallin Document, don kada WhatsApp ya matse su. Turawar gani sau ɗaya kada ta ruɗe ka, wata waya ce kawai za a ɗaga a ɗauki fuskar wannan. Haka wurin wanki: kada ka miƙa katin kyamara ko kile (USB) mai ɗauke da aikin wata guda. Kile ɗaya fanko, hotunan da za a wanke kawai, ka kuma tsaya a goge su daga kwamfutar wurin.

A game da doka, haƙƙinka yana nan tun lokacin da ka ɗauki hoton, ba sai ka yi rajista ba. Wannan ƙa'idar yarjejeniyar Berne ce, wadda Nijar take cikinta tun 1962, kuma dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2010 ta haɗa da hotuna. Ofishin da ke kula da wannan shi ne BNDA, nan Yamai. Ka je ka ji yadda ake zama mamba da yadda ake ajiye aiki a wurinsu. Amma kafin doka akwai takarda. Layi huɗu sun isa, ku sa hannu ku biyu: hoto nawa, don wane amfani, har tsawon wane lokaci, kuma ko an yarda ka nuna su a shafinka. Tela da ya biya jika goma don ya sa hoto a shafinsa bai sayi izinin ba wa mai sayar da yadi ba, sai dai idan ba ku rubuta ba kowa zai faɗi nasa.

Layin ƙarshen nan shi ya fi damuna a maganarka. Ka tambayi amaryar kafin ka sa ta a Facebook? Hoton naka ne, amma fuskar tata ce. Yau a kan tallan leshi take, gobe wani na iya buɗe shafin ƙarya da ita yana yaudarar mutane, kuma ita da mijinta da iyayenta za su sha maganar unguwa, ba kai ba. Hoton mace da na yaro ba ya hawa shafi sai da izini bayyananne. Idan an ce a'a, ka nuna hannun lalle, ko kayan ɗaki, ko bayan ɗaurin kallabi. Ka je ka shaida wa gidan abin da ya faru kafin su ji a bakin wani. In abin ya kai ga amfani da fuskarta don cuta, akwai hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, akwai kuma ƴan sanda.

Shi kuwa mai leshin, kada ka fara da zagi a ƙarƙashin hoton, zai goge ya toshe ka, shaida ta tafi. Fara ɗaukar hoton fuskar waya yadda sunan shafin da kwanan wata za su fito, ka kwafi adireshin wallafar kanta, ba na shafin kawai ba. Sannan ka sa hoton a Google Lens da TinEye ka ga ko ya yaɗu wasu wurare. Ba sa ganin abin da ke cikin WhatsApp, can sai abokan sana'a su zama idonka. Daga nan ka rubuta masa a keɓe, da sallama da ladabi: hoton nawa ne, ga cikakkensa a wurina, ka sauke shi cikin kwana uku. Da hoton kogi ne ko na ƴan kokowa, sai ka ba shi zaɓi ya biya ya mayar da sunanka. Na amarya kuwa saukewa kawai, ba a cinikinsa.

Idan ya yi kunnen uwar shegu, Facebook da Instagram suna da fom na musamman na keta haƙƙin mallaka, dabam da maɓallin Signaler da kowa ke dannawa. Za su nemi adireshin wallafarsa da inda naka yake, kuma suna nuna wa wanda ka kai ƙara sunanka da imel ɗinka, don haka ka sa na shago. Kada ka cika shi a kan hoton da ba kai ka ɗauka ba. In kuma ka tarar ya buga shi a allon talla ko takardun rabawa, maganar ta zama ta kuɗi: ka ɗauki allon a inda yake, da shagon a bayansa, ka zo da RAW ɗin da takardar mai biki mu tafi BNDA tare.