Taurin Ruwa a Akwatin Kifi Mai Tsirrai

Tambaya: Ina da akwatin gilashi mai lita 100, da kifi da tsirrai a ciki. Na auna ruwan na ga GH 16, KH 12, ga wani farin ɓawo yana fitowa a kan ganye. Idan ruwa ya ragu, na famfo nake ƙarawa. Me nake yi ba daidai ba?

Amsa: Malam, ƙarin ruwan famfon nan shi ne abin dubawa na farko. Idan ruwa ya tashi a iska, kalsiyam da magnisiyam ba sa binsa, a akwatin suke zama. Kullum ka cika da na famfo, ka ƙara musu yawa ne. Ruwan cikawa sai wanda aka tace da na'urar RO, mai cire ma'adinai daga ruwa.

GH yana auna waɗannan ma'adinai biyu, wato taurin ruwa, KH kuma kabonet ne, wanda ke hana pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tangal-tangal. Yawancin tsirrai sun fi sakewa a GH 4 zuwa 8. Farin ɓawon kuwa alama ce ta ƙarancin iskar CO2: tsirrai irin su Vallisneria sai su koma ciro kabon daga bayikabonet, alli ya kwanta a kan ganye.

Ka gwada duwatsun ciki ma. Ciro ɗaya, ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, yana narkewa yana ƙara tauri, fitar da shi. Haka ma ɓawon dodon koɗi da murjani. Sannan duk mako ka canza lita 25, rabi na RO rabi na famfo. Kada taurin ya sauka fiye da digiri 2 na GH a sauyi ɗaya, domin faɗuwar gaggawa ta fi taurin kansa wahalar da kifi. Ruwan na'urar tausasa ruwa mai aiki da gishiri kuwa, ka bar shi: sodiyam take zubawa a madadin kalsiyam.

Tambaya: Ni ruwan RO zalla nake sawa, amma sababbin ganye suna fitowa a murɗe, tsofaffin suna yin rawaya.

Amsa: Hajiya, ruwan naki ya yi fayau da yawa. Murɗewar sabon ganye ƙarancin kalsiyam ne, rawaya tsakanin jijiyoyin tsohon ganye kuma na magnisiyam. A lita 100, giram 3 na jifsam (mai ba da kalsiyam) yana ɗaga GH da digiri 1, haka ma giram 4.4 na gishirin Epsom (mai ba da magnisiyam). Ki haɗa giram 9 na jifsam da giram 4.4 na Epsom, ki samu GH 4. Don KH, giram 3 na bekin soda digiri 1 ne. Ki narkar da su a bokiti tukuna. Jifsam yana da jinkirin narkewa, sai an ta motsawa. Washegari ki sake aunawa kafin ki ƙara komai.