Na sayi kifi uku, mako guda saura ɗaya: ina na yi kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙananan kifin ado masu layin shuɗi da ja, waɗanda ake kira neon tetra, guda uku. Na zuba su a kwanon gilashi mai cin lita 5, da ruwan famfon da na tara a ranar. Kafin mako ya zagayo biyu sun mutu, ɗayan kuma ya lafe a lungu, launinsa ya dushe. Ina na yi kuskure? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya mayar da alheri. A irin wannan, galibi lafiyar kifin ƙalau, ruwan ne bai nuna ba.

Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, guba ce mai ƙarfi. A rafi ruwa mai gudu yakan tafi da ita, amma a gilashi sai ta taru. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a soson matatar ruwa da cikin tsakuwa. Su ke mayar da amoniya nitrait, nitrait kuma nitrat, wanda illarsa kaɗan ce. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6, ana ɗan barbaɗa abinci a tanki ba kifi, matatar ruwa na aiki. Sai a lokacin ake cewa ruwan ya nuna. Ga kuma kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don tsabtace shi, wanda ke kashe ƙwayoyin nan ya kuma cutar da kifin. Akwai maganin cire shi da ake ɗigawa a ruwa, masu sayar da kifin ado sun san shi.

Sai maganar kaɗaici, wadda ta fi damuna. Asalin wannan kifi ƙoramun yankin Amazon ne, a Peru da Kolombiya da Brazil, ƙarƙashin inuwar daji, inda ruɓaɓɓen ganye kan rina ruwa kamar shayi. Tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, garke shi ne garkuwarsa. In ya ga shi kaɗai sai tsoro ya kama shi, ya ƙi cin abinci. Mafi ƙaranci guda 6, ni dai nakan ce 10, a tanki mai tsawo na lita 50 ko fiye, da shuke-shuken ruwa. Ranar da kika ga goman nan sun juya lokaci guda, shuɗin na walƙiya kamar an ja zare ɗaya, za ki gane dalili. Amma kada dushewar launi da asuba ta firgita ki, haka suke kwana, haske na fitowa zai dawo.

Zafi ma abin lura ne. Digiri 20 zuwa 26 yake so, alhali a bazara ruwan ɗaki kan haura 30, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi sosai. Ki nisanta tankin daga taga, ki sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, ki kuma tanadi injin hura iska mai batir saboda ɗauke wuta. Kada ki jefa ƙanƙara.

Wanda ya rage fa? Kullum ki kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ki maye da wanda aka cire wa kulorin, mai ɗumi daidai da na kwanon. Abinci ɗan mitsitsi, abin da zai cinye cikin minti 2. Kada ki sayo masa abokai sai babban tankin ya nuna. Idan kuwa kika ga farin tabo a cikin naman jikinsa, bayansa ya fara lanƙwashewa, wannan cutar neon tetra ce, ba ta da magani, kada ki haɗa shi da sababbin.